Ranar Da Imel Ya Ƙi Fita Daga Wani Gida A Garrafa

A yammacin wata Alhamis, farkon watan Satumba, ana idar da sallar La'asar, wani dattijo maƙwabcina a unguwar Al Gharrafa, wadda mutanenmu ke taƙaitawa da Garrafa, ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, don Allah zo ka duba mini, intanet ɗin gidana ya mutu." Alhajin ɗan kasuwa ne, mutumin Katsina, ya haura shekara 20 a Doha, kuma ban taɓa ganin hankalinsa ya tashi irin na wannan rana ba. Kayansa sun iso tashar jiragen ruwa ta Legas, wakilinsa na jiran takardu, kuma duk kwana ɗaya da kwantena ta ƙara a tasha akwai kuɗin da ke hawa kanta. Tun ranar Talata ya rubuta saƙo, ya liƙa takardun, ya danna aikawa, saƙon ya zauna a akwatin fita ya ƙi motsi. Ga shi a nan Ƙatar hutun mako Juma'a da Asabar ne, a Legas kuwa Asabar da Lahadi. Idan takardun ba su isa ba kafin a tashi aiki ranar Juma'a, to sai Litinin ke nan.

Mai karatu zai ce, me ya hana shi tura su ta WhatsApp? Takardun na cikin kwamfutar tebur, shi kuwa Alhaji mutum ne mai hanya ɗaya: yadda aka koya masa tun farko, haka yake yi har gobe.

Muna shiga falo na tarar da jikokinsa sun yi tsit a gaban talabijin suna kallon katun, wanda ta wannan intanet ɗin da aka ce ya mutu yake zuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai matacce ba ya nuna katun." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya shiga jero mini abin da aka yi kafin zuwana. An kashe rauta, wato na'urar nan mai 'yan fitilu da ke raba intanet a cikin gida, an kunna ba adadi. An buga wa kamfanin da ke ba shi layi har sau biyu, sun duba daga wajensu sun ce layi lafiya lau, shi kuma ya ɗauka gudun aiki suke. Wani yaro mai ɗan taɓa gyara ya zo ya sake rubuta kalmar sirri, abu ya ƙi, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa babu magani sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya an sake zuba mata Windows, kuma ya yi alkawarin dawowa ranar Asabar ya yi hakan. Nan gaba mai karatu zai ga irin asarar da Alhaji ya tsallake da yaron bai zo da kayan aikinsa ba tun ranar farko.

Wasiƙa tana da zango-zango

Waɗanda suka daɗe a ƙasashen nan ba su manta zamanin da ake aika wasiƙa ko kaset gida ta hannun matafiyi ba. Idan saƙo bai isa ba, ba a cewa hanyar Katsina ta mutu. Tambaya ake yi: yaron da aka aika ya kai wa matafiyin? Matafiyin ya tashi? Ya gane gidan? Wanda ya karɓa ya miƙa? To haka imel yake. Daga manhajar da ke cikin kwamfutarka saƙo zai bi iska ko waya ya je rauta, daga rauta ya hau layin kamfani, a hanya a tambayi inda gidan wayar yake, sannan ya isa babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatinka, wadda ake kira uwar garke. Ita kuma ba za ta karɓa ba sai ta tabbatar kai ne, kai ma manhajarka ba za ta miƙa ba sai ta tabbatar ita ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zanguna na iya tsayar da saƙo, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Saboda haka aikin farko shi ne gano zangon da saƙon ya tsaya, kafin a taɓa komai.

Wannan kuwa ba ya buƙatar injiniya. Na karɓi wayar Alhaji, na tabbatar tana kan Wi-Fi ɗin gidan ba kan data ba, na buɗe shafin imel ɗinsa a manhajar lilo, ya sa kalmar sirrinsa, akwati ya buɗe, ga saƙonnin wakilinsa jere suna tambayar takardu. Cikin minti biyu an wanke mutum uku daga zargi: rauta na aiki, layin kamfani na aiki, akwatin ma na nan da ransa da kalmar sirrinsa. Saura kwamfutar tebur ita kaɗai. Kafin mu shiga bincikenta sai muka kwafi takardun a filasha, muka zuba a laftof ɗin 'yarsa, muka aika ta shafin imel. Ƙarfe biyar da rabi ne a Doha, uku da rabi a Legas, domin awa biyu ke tsakani. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya fara yi idan saƙon na gaggawa ne: a fitar da shi ta wata ƙofa tukuna, gyara ya biyo baya da kwanciyar hankali.

Da a ce wayar ma ta ƙi buɗewa a kan Wi-Fi, sai in kashe shi in gwada da data. Idan ya buɗe da data, laifin na cikin gida ko kan layi. Idan ya ƙi ta ko'ina, to maganar ta koma kan akwatin kansa ko kamfanin da ke riƙe da shi. Ana kuma iya juya gwajin: a mayar da waya ta zama mai raba intanet, a jona kwamfutar da ita, a ga ko saƙon zai fita.

Agogon da ya koma baya

Da na zauna gaban kwamfutar, na buɗe manhajar lilo, duk shafin da na nema sai gargaɗi ya fito cewa haɗin ba amintacce ba ne. Alhaji bai lura da wannan ba, don shi imel kaɗai yake buɗewa. Na kai ido kusurwar ƙasa ta dama, inda agogo yake, sai ga kwanan wata ya koma baya da shekaru fiye da goma, daidai lokacin da aka ƙera na'urar.

Dalilin ɗan ƙarami ne. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani batiri mai kama da sulalla, galibi mai lamba CR2032, wanda aikinsa riƙe lokaci idan an zare wuta. Alhaji da iyalinsa, kamar yawancin mazauna Doha, sun tafi hutun bazara gida, suka zare komai daga soket har kusan wata biyu. Batirin da ma ya tsufa, sai ya ƙarasa. Alaƙar agogo da imel kuwa ita ce: duk uwar garke ta kirki tana gabatar da takardar shaida ta lantarki kafin a fara magana da ita a asirce, kuma takardar na ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfutar da ke zaton tana shekarun baya za ta ga takarda mai kwanan watan da bai zo ba tukuna, sai ta ƙi yarda da ita, ta kuma ƙi miƙa kalmar sirri. Gaskiyarta ce, haka aka tsara ta. Muka gyara lokaci da hannu, muka duba yankin lokaci yana kan na Ƙatar, aka aiki yaro kantin da ke bayan layi ya sayo batiri na 'yan riyal.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala da agogo ba ya gyarawa. A ranar 30 ga Satumban 2021 wata tsohuwar takardar shaida ta tushe, wadda miliyoyin shafuka suka dogara da ita, ta cika wa'adinta, tsofaffin wayoyi da kwamfutocin da aka daina sabuntawa suka wayi gari suna ƙin shafukan da jiya suke buɗewa. Haka kuma tsofaffin tsare-tsaren ɓoye saƙo, TLS 1.0 da 1.1, a shekarar 2021 aka yi musu ritaya a hukumance, kuma manyan kamfanoni sun yi ta rufe musu ƙofa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. Wanda ke riƙe da irin wannan kwamfuta ya sani cewa za ta iya kunnuwa lafiya, ta buga takarda lafiya, amma harshen da take yi wa uwar garke an daina jin sa.

Gyaran gangar Auzinawa

Na ɗauka mun gama. Na danna aikawa, sai ga wani sabon saƙon kuskure: an ƙi kalmar sirri. Alhaji ya ce, "Malam, wallahi ita ce dai na sa a waya yanzun nan a gabanka." Kuma gaskiya ya faɗa.

A nan ne gizo ke saƙa ga yawancin gidajen da suka daɗe da imel. Shekaru da yawa manhajoji irin su Outlook Express da Windows Live Mail da tsofaffin Outlook suna shiga akwati ne da suna da kalmar sirri kawai. Da satar kalmar sirri ta yi yawa, manyan kamfanonin imel suka rufe wannan hanya ɗaya bayan ɗaya: Yahoo a watan Oktoban 2020, Google a ranar 30 ga Mayun 2022 ga masu Gmail na ƙashin kai, Microsoft kuma a ranar 16 ga Satumban 2024 ga masu Hotmail da Outlook.com. Ma'ana, kalmar sirrinka na iya zama daidai, ta buɗe shafi a manhajar lilo, amma tsohuwar manhaja ta miƙa ta a ƙi karɓa. Mafita biyu ce. Ko dai a koma manhajar da ta san sabon tsarin shiga, wanda ke buɗe maka shafin kamfanin ka tabbatar da kanka a can, irin su Thunderbird da ake samu kyauta. Ko kuma, a wajen Gmail da Yahoo, a shiga sashen tsaro na akwatin a ƙirƙiro wata kalmar sirri ta musamman don wannan manhaja kaɗai. Ta Google haruffa 16 ce, sau ɗaya ake nuna ta, ba a samun ta sai an kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma ranar da ka canza babbar kalmar sirrinka ita ma ta mutu. Masu Hotmail kuwa hanya ta farkon ce tasu.

Da na tambaya, sai 'yar Alhaji ta tuna cewa shekarun baya yayanta ya sa wa mahaifinsu irin wannan kalma ta musamman kafin ya tafi karatu. Wato ita ke zaune a manhajar tana aiki shiru, har ranar da mai gyara ya goge ta ya rubuta ta yau da kullum a gurbinta. Ciwo ɗaya ne a gidan ranar Talata, zuwa Laraba ya zama biyu, na biyun kuma gyara ne ya haife shi. Ban ga laifin yaron sosai ba, domin idan imel ya tsaya kowa kalmar sirri yake fara zargi. Amma da ya karanta abin da kwamfutar ta rubuta, da ya ga ba a kanta take kuka ba.

Wannan ɗabi'a ta rufe saƙon kuskure ba tare da karantawa ba, duk muna da ita. Alhali manhajojin Microsoft na dauri lamba suke bayarwa, kuma lambar na nuna zango. Idan ka ga 0x800CCC0D, ba a gano sunan uwar garken ba. Idan 0x800CCC0E ce, an nemi haɗuwa da ita an kasa. Idan 0x800CCC0F ce, an haɗu amma magana ta katse a tsakiya. Ita kuwa 0x800CCC92 tana nufin an isa har ƙofa, aka ƙi suna ko kalmar sirri. Ko ba ka gane ba, ɗauki hotonsa da waya kafin ka rufe, ka nuna wa wanda zai gane.

Muka ƙirƙiro sabuwar kalma, muka sa, saƙon ranar Talata ya fita, wasiƙun wata biyu suka fara kwararowa.

Abin da wanke kwamfuta zai cinye

Ina kallon wasiƙun na sauka na leƙa saitin akwatin, na ga POP aka sa. Hanyoyin karɓar imel a manhaja biyu ne. POP, wanda sigarsa ta uku ta fito a 1988, an ƙirƙire shi ne a zamanin da ake buga layi a shiga intanet na 'yan mintoci: ya je gidan waya, ya kwaso wasiƙu, ya zuba a kwamfutarka, kuma in ba an hana shi ba ya share na can, nan take ko bayan 'yan kwanaki. IMAP kuwa yana barin wasiƙu a wajen uwar garke, waya da laftof da kwamfutar ofis duk su riƙa ganin abu ɗaya. Wanda ya buɗe imel tun zamanin da Qtel ce kaɗai ke ba da layi a ƙasar nan, kafin Vodafone ta fara aiki a 2009, kafin ita Qtel ta koma Ooredoo a 2013, akwai kyakkyawan zaton POP aka sa masa, kuma duk lokacin da ya canza kwamfuta haka aka kwafo masa saitin.

A shafin imel ɗin Alhaji wasiƙun 'yan watanni ne kawai. Sauran, na kusan shekara 20, da rasitai da yarjejeniyoyi da hoton takardun filayensa na Katsina, duk suna cikin fayil ɗaya a wannan tsohuwar kwamfuta, ba su da kwafi a ko'ina a duniya. Da an wanke ta ranar Asabar, da garin neman gira an rasa ido. Na gaya masa haka, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Inna lillahi." Don haka ina roƙon mai karatu: kada ka bari kowa ya goge akwati daga manhaja, ko ya wanke kwamfuta, sai an duba POP ne ko IMAP, an kuma kwafe fayil ɗin wasiƙu a wani waje.

Tunda muna kan saiti, ga lambobin ƙofa da ya kamata a gani. Karɓa ta IMAP 993, ta POP 995. Aikawa, wadda ke bin ƙa'idar SMTP da aka rubuta tun 1982, ta 587 ko 465. Idan ka tarar da 110 ko 143 ko 25, saitin na dauri ne. Ƙofa ta 25 ta fi kowace jawo rigima, domin kamfanonin intanet da yawa a duniya sun toshe ta ga layukan gida saboda masu watsa wasiƙun banza. Alamarta ba ta ɓuya: wasiƙu na shigowa amma ba sa fita, ko kuma laftof ɗin na aikawa a ofis, a gida ya ƙi.

Idan laifin na cikin gida ne ko kan layi

A gidan Alhaji layi bai da laifi, amma a wasu gidajen Garrafa na sha tarar da akasin haka. Gidajen unguwar manya ne, na bulo da kankare, sau da yawa majalisin baƙi na waje ɗaya, rauta kuma na can ƙuryar babban gida. Wi-Fi na zangon 5 ya fi sauri amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi ratsawa. Sigina mai rauni na iya isar da gajeren saƙon WhatsApp, amma ya kasa ɗaukar imel mai takardu, ya riƙa katsewa a tsakiya. Gwajin shi ne a ɗauki na'urar a matso kusa da rauta, ko a jona ta da waya.

Sai matsalar rauta biyu. Mutum ya sayo ta biyu don sigina ya kai majalisi, ko gidan da iyalai ke raba layi ɗaya kowa ya jona tasa, sai su biyun su riƙa raba wa na'urori adireshi, ana karo. Mai Windows zai iya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta ipconfig. Idan adireshin ya fara da 192.168, rauta ta ba shi lamba. Idan ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta don ba wanda ya amsa mata, kuma babu inda za ta je da ita. Ta biyun a mayar da ita mai ƙara sigina kawai, rabon adireshi ya zauna hannun ta farko.

Zafi ma ba abin rainawa ba ne a garin da aka taɓa auna digiri 50.4 a watan Yulin 2010. Rautar da aka cusa cikin kabad, ko ɗakin da ba a kunna masa na'urar sanyaya, takan rikice. Kashe ta na rabin minti a sake kunnawa yana da amfani, sau ɗaya. Idan an yi ba a ga canji ba, maimaitawa ɓata lokaci ne.

Akwai kuma tsarin DNS, mai juya suna irin imap.gmail.com zuwa lamba. Idan ya sami tangarɗa, komai zai nuna a haɗe amma ba a gane suna. Ana iya gwada 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a ga ko za a sami canji. Manhajar riga-kafi mai leƙa wasiƙu, da VPN da wani yaro ya kunna ya manta, su ma a kashe su na ɗan lokaci a gwada. VPN na da ƙarin illa: kamfanin imel zai ga akwatin da ya saba shiga daga Doha yau ana buɗe shi daga Holan, ya ɗauka ɓarawo ne, ya kulle.

Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin gida da kamfani duka. A ranar 30 ga Janairun 2008 manyan wayoyin ƙarƙashin teku biyu suka yanke kusa da Iskandariya ta Masar, intanet ya yi rauni daga Masar har Indiya, 'yan kwanaki bayan nan wayar da ke tsakanin tsibirin Halul na Ƙatar da tsibirin Das na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ita ma ta sami matsala. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka ji a jika. A Satumban 2025 ma an yanke wasu a Bahar Maliya kusa da Jidda. A irin wannan rana kada ka aika saƙo ɗaya sau goma. Matuƙar ya bar akwatin fita, uwar garke za ta ci gaba da gwada isar da shi na 'yan kwanaki kafin ta haƙura ta dawo maka da shi.

Idan ya dawo kuwa, shi ma da lambarsa. Mai farawa da 4 jinkiri ne, za a sake gwadawa. Mai farawa da 5 ƙi ne: 550 galibi adireshin babu shi ko an ƙi mai aikawa, 552 akwatin wancan ya cika ko saƙon ya yi nauyi. Gmail ba ya ɗaukar liƙi sama da megabait 25, kuma fayil na ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan aka liƙa shi. Irin wannan ƙaton saƙo kan tsaya a akwatin fita ya tare na bayansa, kamar tirela a ƙaramin titi. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta kuwa, imel da hotuna da ajiyar fayiloli ne ke raba shi, hotunan biki kaɗai sun isa su hana wasiƙa shigowa.

Lambar da aka bari a gida

Muna cikin sashen tsaro na akwatin Alhaji idona ya faɗa kan lambar wayar da aka ajiye don dawo da akwati idan an manta kalmar sirri. Ta Najeriya ce. Na karanto masa ƙarshenta, ya yi tunani ya ce ai wannan layin rabonsa da shi tun kafin annobar korona. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, ga kuma dokar haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka fara a Disambar 2020, wadda ta rufe layukan da ba a haɗa ba. Ke nan mabuɗin ajiya na akwatin Alhaji yana iya kasancewa a aljihun wani da bai taɓa gani ba a Kano ko Anaca. Kuma ranar da akwatin ya kulle, can za a aika lambar buɗewa.

Ga mazaunin Ƙatar wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar adireshin ƙasa, mai lamba 24 ta shekarar 2017, wadda aka fara rajistarta a Janairun 2020, ta sa kowane ɗan ƙasa da baƙo ya ba Ma'aikatar Cikin Gida adireshinsa, har da lambar waya da imel, kuma sanarwar hukuma ko ta kotu da aka aika ta wannan adireshi ana ɗaukar ta a matsayin ta isa. Cewa imel ɗina ya lalace ba hujja ba ce da mutum zai so ya dogara da ita. Wanda kuma ke da tsohon Gmail da ya yi watsi da shi ya sani cewa daga Disambar 2023 Google na da ikon share akwatin da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Muka cire tsohuwar lambar muka sa tasa ta nan, muka ƙara adireshin 'yarsa a matsayin na biyu, muka bugo lambobin ko-ta-kwana a takarda ya sa a jakar da yake ajiye fasfo. Ana kiran Magariba wakilinsa ya bugo daga Legas cewa takardu sun iso, har sau biyu.

Washegari bayan an sauko Juma'a na koma da ma'ajiyar waje muka kwafe fayil ɗin wasiƙun. Ya ɗauki lokaci, muna shan shayi muna jira. Alhaji ya ce in gangara masa can ƙasa ya ga wasiƙar da ta fi kowace tsufa. Ta shekarar 2004 ce, daga yayansa marigayi, layi huɗu, an buga ta a wani shagon intanet a Katsina, yana sanar da shi an yi haihuwa kuma damina ta yi kyau. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malam, wannan bugo mini ita a takarda." Na danna bugawa, sai firinta ta ce babu tawada.